Babi na Shida: Kyamara Tara, Ido Ɗaya

Ranar 3 ga Yulin 2020, ana tsakiyar kullen korona, gidajen wasan kwaikwayo na New York duk a garƙame, kamfanin Disney ya saki faifan wasan Hamilton a dandalinsa na Disney+. Dala miliyan 75 ya zuba kafin faifan ya shiga hannunsa. Wasa ne na waƙe-waƙe a kan rayuwar Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, wanda Lin-Manuel Miranda ya rubuta kuma ya fito a matsayin jarumin. Sai dai cikin abubuwan da suka fi yawo a bakin mutane a makon nan har da yawu. Jonathan Groff, wanda ya fito a Sarki George na Uku na Ingila, yana tsaye ƙiƙam da kambi da alkyabba yana rera waƙarsa, sai ga yawu yana tsartuwa daga bakinsa har ya gangaro masa a haɓa. Kyamara kuwa tana dab da fuskarsa.

Ba ranar Groff ya fara haka ba. Ya yi watanni yana wannan fitowa a gidan wasa na Richard Rodgers, kuma 'yan layin gaba sun san halin bakinsa. Wanda ya sayi kujerar bene can baya shi ne bai taɓa gani ba. Abin da ya gani sarki ne mai taƙama, ɗan ƙarami a tsakiyar dandamali, ko ƙifta ido ba ya yi. Da aka zo faifai, wani mutum ne a ɗakin tacewa, da hotunan kyamarori jere a gabansa, ya ce wannan za a nuna. A ganina bai yi kuskure ba, don yawun ya dace da sarkin da tarihi ya san hankalinsa ya taɓu daga baya. Amma zaɓi ne aka yi, kuma a madadin miliyoyin mutanen da ba a tambaye su ba aka yi shi.

Nan ne aikin mai tace hoton wasan dandamali ya sha bamban da na mai tace fim. A fim, tun daga rubutu an san za a yanka. Ɗan wasa yana yi wa kyamara ne, a tsaya, a sake, a matso da fitila. Wasan dandamali kuwa an gina shi ne don mutumin da ke zaune wuri ɗaya, yana ganin komai a lokaci guda, idonsa nasa ne. In ya ga dama ya bar jarumin da ke ta zuba jawabi ya kalli baiwar da ke rakuɓe a kusurwa tana murza hannu. Mutum ɗari biyar a zaure, wasa ɗari biyar aka kalla. Da zarar an sa almakashi, wannan 'yanci ya tafi, edita ya zama shi ne idon kowa. Tambayar da ya kamata ta riƙa damunsa a kowace yanka ita ce: da ina zaune a zauren nan a wannan daƙiƙa, ina idona zai tafi, kuma wa ya kai shi can?

Kafin a kai ga wannan tambaya akwai wahalar da ba ta da daɗin labari, wato daidaita kyamarorin su yi tafiya tare. Tsohuwar matsala ce. A 1951, da aka fara shirin barkwanci na I Love Lucy a Amurka, ana ɗaukarsa da kyamara uku a gaban 'yan kallo, sai da aka samo wa editansa Dann Cahn wata na'ura mai kawuna da yawa, don ya riƙa ganin zaren fim uku suna gudu tare da na sauti. Yau manhajoji irin su Premiere Pro da Final Cut Pro da DaVinci Resolve da Avid suna yin wannan a allo ɗaya: hotunan su jeru a ƙananan tagogi, ka kunna, ka riƙa danna ɗaya, biyu, uku, tamkar kana sauya tasha. Sauƙin ya zo, sharaɗin dai bai canza ba. Dole kowace kyamara ta san ƙarfe nawa ne a wajen 'yar'uwarta.

Manyan kamfanoni suna ɗaura wa kowace kyamara agogo ɗaya mai ƙirga awa da minti da daƙiƙa da firam, wato kowane hoto guda cikin jerin da kyamara ke ɗauka, a saita su tun kafin a buɗe ƙofa. Wanda ba shi da wannan sai ya dogara da sauti: manhaja ta kwatanta zanen ƙarar da kowace kyamara ta ji, ta jera su. Akwai tarko a nan da mutane da yawa ke faɗawa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, haske kuwa nan take ne. In ana ɗauka a kan firam 25 a daƙiƙa, duk mita 14 da kyamara ta yi nesa da mai magana, sautin da ta kama ya makara da firam guda. Kyamarar da ke bayan zaure, mita 28 daga dandamali, ta makara da firam biyu ke nan. Manhaja za ta jera ta bisa abin da ta ji, sai hotonta ya riga sautin asali, ka ga baki ya motsa kafin kalma ta fito. Maganin tsohon yayi ne: kafin a fara, wani ya hau dandamali ya tafa hannu sau ɗaya inda duk kyamarori ke ganinsa, a daidaita da firam ɗin da tafukan suka haɗu. Walƙiyar fitilar hoto ma tana yi.

Sai kuma zamewa a hankali. Kyamarar da ke kan firam 30 cif da wadda ke kan 29.97 za su fara tare, bayan awa guda tazarar ta kai daƙiƙa 3.6. Wayoyin hannu sun fi ɓarna, don suna sauya gudun ɗaukarsu gwargwadon haske da zafin jikinsu. Kyamarorin hoto da yawa na shekarun baya kan yanke ɗauka da kansu dab da cikar minti 30, saboda harajin da Tarayyar Turai ta riƙa ɗora wa na'urar da ta wuce haka a wancan lokacin. Wasan awa biyu, kyamara huɗu, kowace ta tsinke a lokacinta: edita zai yi kwana yana ɗinki kafin ya yi yanka ɗaya ta fasaha. Shi ya sa dokar farko ga masu riƙe da kyamara ita ce, in an kunna kada a kashe sai an tafi hutun rabin lokaci, ko da kuwa kyamarar ƙasa take kallo.

Sauti shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ake fara shimfiɗawa. Wasan dandamali yana tafiya ne a kan lokacinsa na gaskiya. Shirun da ɗan wasa ya yi na daƙiƙa shida ya auna shi ne da numfashin zauren a daren nan, edita ba shi da hurumin rage shi zuwa uku don ya ƙosa. Saboda haka ana jan zaren sauti guda daga farko zuwa ƙarshe, hotuna su riƙa sauyawa a samansa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya bar sauti yana tsalle tare da hoto, a yanka zuwa kyamarar kusa murya ta cika kunne, a koma ta nesa ta dusashe. Kunne ba ya yafe wannan ko da ido ya yafe.

Ba a kuma dogara da abin da ya fito daga teburin mai haɗa sautin zaure shi kaɗai. Shi don lasifikar zauren ya haɗa nasa. Ganga ba ta buƙatar a ƙara mata ƙarfi, don haka da ƙyar za ka ji ta a layinsa, muryar da ba ta da ƙarfi kuwa ya ɗaga ta sama. Dariya da tafi da tarin 'yan kallo duk babu. In ka saurari wannan layi zalla, sai ka rantse a ɗakin da ba kowa aka yi wasan. Dole a rataya wasu makirfo suna fuskantar jama'a, a zo a gauraya. A Hamilton an baza makirfo wajen ɗari. Ba kowa ke da wannan ba, amma biyu masu kallon zaure ba su fi ƙarfin kowa ba.

To, yanzu ga hotuna sun jeru, sauti ya zauna. Me za a nuna?

Darakta na dandamali ya riga ya yi rabin aikin, in edita yana da idon karantawa. Ba shi da almakashi, amma yana da hanyoyinsa na jan ido: ya rage fitila a hagu ya ƙara a dama, ya tsayar da mutum goma cak ya bar ɗaya yana motsi, ya sa kowa ya juya ya dubi ƙofa. Duk wannan yanka ce da aka yi ba tare da kyamara ba. Editan da ya kalli wasan a zaure sau ɗaya ko biyu kafin ya zauna gaban kwamfuta zai ji inda idonsa ya tafi da kansa, ya bi sawu. Wanda bai taɓa shiga zauren ba, abin da zai yi shi ne bin baki: mai magana ya fara, a yanka gare shi, ɗayan ya amsa, a yanka gare shi. Wannan ita ce tacewar da ta fi kowace gundura, kuma ita ta fi yawa. Sau da yawa labarin yana fuskar mai sauraro ne. Uba yana faɗa, ɗa yana duƙe, abin kallo shi ne yadda muƙamuƙin ɗan ke motsi. Wani lokaci kuma ba ya fuskar kowa, yana cikin tazarar da ke tsakaninsu, taku huɗu da ɗayansu ya ƙi cikewa. Wannan sai hoton da ya ɗauko su biyu tare, daga kai har ƙafa.

Walter Murch, wanda ya tace The English Patient kuma yana cikin waɗanda suka tace Apocalypse Now, ya taɓa jera abubuwa shida da ake auna yanka da su. Ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari 23, kari 10, bin inda idon mai kallo yake 7, sai biyun ƙarshe da suka shafi tsarin wuri ya ba su 5 da 4. Ga fim, magana ce mai kyau. Ga wasan dandamali, ni ina ganin na ƙasan nan sun cancanci ƙarin girma. A fim, in mai kallo bai san takamaiman inda tebur yake ba, babu asara. A dandamali, wa ke tsaye sama, wa ke ƙasa, wa ya ba wa baya, wa ya shigo ba a gan shi ba, shi ne harshen da daraktan ke magana da shi. Ka ɓatar da wurin, ka ɓatar da rabin zancen.

Hamilton ma ya ba da shaida. Cikin 'yan rawar da ke bayan manyan jarumai akwai Ariana DeBose, wadda daga baya ta ci kyautar Oscar a 2022. Wasan bai ba ta dogon baiti ba. Amma tun da sojan Ingila ya kashe ta da wuri a matsayin 'yar leƙen asiri, sai ta riƙa bayyana kusa da wanda ajali ke zagayawa, a ƙarshe kuma ita ce ta ɗauko harsashin da ya nufi Hamilton tsakanin yatsunta, tana tafe da shi sannu a hankali. Ba a taɓa faɗin haka da baki a wasan ba. Da editan, Jonah Moran, da darakta Thomas Kail sun biye wa fuskokin taurari kaɗai, da wannan zare ya ɓace gaba ɗaya. Ya tsira ne saboda an bar hotuna masu faɗi sun daɗe har mai kallo ya tsinto ta da kansa, wasu ma sai a kallo na biyu ko na uku.

Ba ina ƙin ɗaukar kusa ba ne. Ita ce kyautar da faifai ke ba mutum wadda kujera mafi tsada ba ta bayarwa: hawaye yana taruwa kafin ya zubo, hannu yana karkarwa a kan wasiƙa. Matsalarta ita ce ɗan wasan dandamali ya horu ne a kan ya isar da fushi ga mutumin da ke layi na talatin. Ya buɗe ido, ya buɗe baki, ya sha kwalliya mai kauri, ga zufa, ga igiyar makirfo ta leƙo daga gashi. Abin da ya yi daidai daga nesa, in ka cika allo da shi sai ya koma ihu. Hoton da ya tsaya daga ƙugu zuwa sama ya fi yi masa adalci, a adana matsowa sosai don wurare ƙalilan inda ɗan wasan da kansa ya sassauta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: in an matso sau hamsin, ta hamsin da ɗaya ba ta da wani nauyi.

Rawa da barkwanci su ne wuraren da almakashi ya fi yin ta'adi. Tun a shekarun 1930 ɗan rawa Fred Astaire ya kafe a kan a ɗauki rawarsa jiki sukutum, da yanka kaɗan, kuma har yau ba a sami hujjar da ta kayar da tasa ba. Mai rawa da aka yanke masa ƙafa a hoto an raba shi da sana'arsa. Barkwancin jiki ma haka. A wasan One Man, Two Guvnors na James Corden, wanda aka haska daga Landan a 2011, akwai wani tsohon mai kai abinci, jiki na ɓari, da ke ta faɗowa daga matakala ana buge shi da ƙofa. Abin dariyar shi ne kana ganin ƙofar, kana ganin tsohon yana matsowa, kana ganin wanda zai banko ta bai sani ba. In aka rarraba wannan gida uku, kowa da hotonsa, an ba ka labarin abin da ya faru amma an hana ka dariyar. Bayan an yi abin kuma, a bar hoton ya tsaya har dariyar zauren ta fara sauka, don ɗan wasan ma jiranta yake yi.

Wajen yankan kanta, ƙa'idojin ba su da yawa. Ana yanka ne a cikin motsi, mutum ya fara juyawa ko zama, don idon da ke bin motsin ba ya lura da ɗinkin. Ba a yanka tsakanin hotuna biyu masu kama da juna a girma da kusurwa, sai ya zama kamar faifan ne ya yi tuntuɓe. Sannan ba a tsallake layi. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san manyan kyamarorin fili a gefe ɗaya suke, shi ya sa ƙungiyar da ke kai hari dama take ci gaba da kai shi dama har a tafi hutu. Dandamali ya zo da nasa layin a shirye, wato bakinsa, kuma muddin kyamarori suna ɓangaren 'yan kallo ba za a rikice ba. Kyamarar hagu ta kama fuskar wanda ke dama yana kallon hagu, ta dama ta kama kishiyarsa, ta tsakiya ta riƙe duka. Declan Quinn, mai kula da ɗaukar Hamilton, ya dasa kyamara tara, ɗaya daga ciki ta wani rami da aka huda a bangon baya tana kallon zauren. Hoton da take bayarwa yana da ban sha'awa, don yana nuna maka abin da ɗan wasa ke gani, amma jefi-jefi aka taɓa ta. Da an yawaita, mai kallo zai rasa gabas.

Duhu ma wani abu ne da editoci ke tsoro ba gaira ba dalili. Fitilu su mutu tsakanin fitowa da fitowa, allo ya yi baƙi na daƙiƙa huɗu, sai hannu ya yi ƙaiƙayin cirewa. Duhun nan numfashi ne da darakta ya saka da gangan. In ya yi tsawo saboda ana jan kujeru da tebura, a rage; in na wasan ne, a bar shi. Abin da ya fi wannan ɓaci shi ne kyamarar da aka bari tana saita haskenta da kanta: fitila na raguwa tana ƙara buɗe ido, dare ya koma rana mai ƙura. Wannan ba ya gyaruwa a ɗakin tacewa. Haka launi. Kyamara uku daga kamfani uku za su ba ka jar riga iri uku, kuma fitilun dandamali ja da shuɗi masu ƙarfi suna cinye fatar mutum, baƙar fata ma abin ya fi tsanani in an saita kyamarar a kan farar riga. Ana iya matso da su kusa da juna daga baya, amma mai hankali tun a gwajin ƙarshe yake sa a riƙe farar takarda a ƙarƙashin fitila guda, kowa ya saita a kanta ya kulle.

Akwai masu yin duk wannan zaɓi ba tare da damar komawa baya ba. Gidan waƙar Metropolitan na New York ya fara haska wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen silima a ƙarshen Disambar 2006. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya bi sahu ranar 25 ga Yunin 2009 da wasan Phèdre, Helen Mirren na jagora. A Oktoban 2015, da Benedict Cumberbatch ya fito a Hamlet daga zauren Barbican, sama da mutum 225,000 suka kalla a silima a dare ɗaya. A irin wannan aiki, tacewar a takarda ake yin ta tun kafin ranar. Daraktan kyamara ya kalli wasan sau da dama, ya rubuta a gefen kowane layi wace kyamara, wane girma, a kan wace kalma za a yanka. A yi gwaji da kyamarori, yawanci sau biyu, a zauna da daraktan dandamali a kalla, a gyara fitila da gashin kanti da kwalliya. A cire kujeru a ba kyamara wuri mai kyau, 'yan kallon daren kuma sun san da haka suka shigo. Ranar haskawa, wani na kiran lambobin hotuna, wani na danna maɓalli, ɗan wasa kuwa in ya ga dama ya tsaya taku biyu daga inda ya saba.

Mai tacewa daga baya yana da abin koyi a nan. Yawan dama yana lalata hannu. Wanda ya san zai iya sauya kowace yanka sau ɗari yakan yi ta yanka don kawai kyamara ta biyar ma a ga an yi amfani da ita. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a bi fitowa guda daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ana sauya kyamara da yatsa kamar kai tsaye ake, don jiki ya kama karin wasan. Sannan a dawo a bi yankan ɗaya bayan ɗaya, a gusa wannan da firam uku, a share wancan. Galibi abin da ake sharewa ya fi abin da ake ƙarawa.

Sai batun haɗa dare biyu, wanda ke da ɗan ƙaiƙayi ga mai son gaskiya. Abin da ke cikin faifan Hamilton bai taɓa faruwa a dare ɗaya ba. An ɗauka cikin kwana uku a ƙarshen Yunin 2016: wasanni a gaban 'yan kallo, a tsakaninsu kuma aka rufe ƙofa aka maimaita waƙoƙi 13 cikin 46, kyamara ta hau dandamali tana zagaya 'yan wasa, wata tana lilo daga sama. Groff ma ya riga ya bar wasan, dawowa ya yi don ɗaukar. Abin ya yiwu ne saboda kiɗa ya ɗaure kowa a kan kari ɗaya, taku na yau shi ne na jiya. A wasan magana zalla abin ya fi wuya. Jiya kofi yana hannun dama, yau yana hagu. Jiya ta yi kuka a layi na uku, yau sai a na bakwai. Dariyar Asabar ba irin ta Talata ba ce. Hanyar da ta fi aminci ita ce a zaɓi dare ɗaya ya zama uwa, a ɗauko faci daga ɗayan sai inda aka yi tuntuɓen harshe ko wani ya miƙe ya tare kyamara, kuma a yi ɗinkin a bakin fitowa ko cikin duhu. Ko yaudara ce? In an faɗa wa mai kallo, a'a. Tun 1964 ake yi: Hamlet na Richard Burton, wanda John Gielgud ya shirya a New York, daga wasanni fiye da ɗaya aka harhaɗa shi, aka nuna a silima kwana biyu kacal da sharaɗin a lalata kwafin bayan nan. Wanda ya rage a hannun Burton ne aka tsinta bayan rasuwarsa.

Mai karatun da ke da kyamara uku na aro da zauren makaranta kada ya ce wannan zancen masu kuɗi ne. Ɗaya a tsakiya can baya a kan ƙafarta, ta ɗauki dandamali duka, kada kowa ya taɓa ta. Biyu a gefe da gefe a hannun mutanen da suka kalli gwaji, aka kuma raba musu aiki, don kada a wayi gari dukansu sun bi jaruma sun bar mai shigowa. Su riƙa tsayawa a kan hoto na daƙiƙa goma aƙalla kafin su motsa, kuma kada su motsa tare. Wutar Nijeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, don haka kyamarar da aka sayo daga can a bar ta a saitinta za ta riƙa nuna fitilu suna ƙyafta ido. A mayar da ita firam 25. In janareta ne ke ba da wuta, a nesanta shi da makirfo gwargwadon tsawon waya.

In an gama tacewa, mutum na farko da za a nuna wa shi ne daraktan wasan, kuma a shirya jin ƙorafi. Kusan kullum zai ce an matso da yawa, an yanke masa wani abu da ya yi mako uku yana ginawa a kusurwar hagu. Wani lokaci yana da gaskiya. Wani lokaci kuma yana kallon allon ne da idon wanda ya san wasan a ka, ya manta cewa a fuskar waya mutum goma a hoto ɗaya ba su fi ƙwayar gero ba. Inda za a kalli faifan yana cikin lissafi: abin da ya yi daidai a bangon silima ya yi nisa a tafin hannu.

Ɗakin karatu na jama'a na New York yana da sashen da Betty Corwin ta kafa a 1970, wanda ke ɗaukar wasannin birnin yana adanawa don masu bincike da ɗalibai da daraktoci, kuma sai mutum ya je can da ƙafarsa zai kalla. Irin waɗannan masu kallo bukatarsu daban ce da ta mai neman nishaɗi: suna so su ga ta ina aka shigo, yaushe fitila ta sauya, mutum nawa ne a tsaye. Don haka faifai biyu ya kamata a fitar daga aiki ɗaya. Wanda aka tace, na jama'a ne. Na kyamarar tsakiya kuma a ajiye shi yadda yake, ba yanka ko ɗaya, a jingina masa sautin da aka gyara, a rubuta ranar wasan da sunan zauren da jerin waɗanda suka fito a daren, a yi kwafi biyu a ajiye a wurare daban-daban.